Fashin Baƙi: Yadda Makami Mai Linzami Ya Ba Matuƙan Jiragen Sojan Ruwan Amurka Kunya a Biyetnam

Ranar 17 ga Yunin 1965 wasu jiragen yaƙi biyu ƙirar F-4 Phantom suka tashi daga kan Midway, ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan Amurka masu dakon jiragen sama, wanda ke zaune a Tekun Tonkin. Kwamanda Louis Page ne a gaba, Laftanar Jack Batson na rufa masa baya. Suna cikin sararin samaniyar Biyetnam ta Arewa na'urar rada ta nuna musu akwai masu tahowa. Suka tunkare su gaba da gaba, da ido ya tabbatar MiG-17 ne, wato jiragen yaƙi ƙirar Sobiyet da Biyetnam ta Arewa ke amfani da su, kowannensu ya saki makami mai linzami da ake kira Sparrow. MiG biyu suka kama da wuta. Komai ya tafi daidai da yadda aka rubuta a takardun koyarwa, kuma wannan ne karon farko da sojan ruwan Amurka suka kakkaɓo jiragen Biyetnam ta Arewa a wannan yaƙi.

Bayan kwana uku, daga kan wannan Midway ɗin dai, wasu tsofaffin jirage masu farfela ƙirar Skyraider, waɗanda aka zana tun ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, suka yi kiciɓis da MiG-17 a ƙasa-ƙasa tsakanin duwatsu. Ba su da rada ta farauta, ba su da makami mai linzami. Da igwa mai harsashin milimita 20 suka harbo ɗaya. Abu biyu ke nan a mako guda, kuma na farkon ne ya fi daɗin ji a kunnen manya, domin shi ne ya gaskata abin da aka shafe shekara goma ana zuba wa kuɗi.

In ana son a gane me ya sa aka ƙera jirgin yaƙi ba tare da bindiga ba, sai an koma shekarun 1950. Abin da ke hana hafsoshin ruwan Amurka barci a lokacin shi ne manyan jiragen Tarayyar Sobiyet masu jefa bam, irin su Tu-16 da Tu-95, waɗanda za su iya tahowa daga nesa su saki makami a kan ayarin jiragen ruwa, mai yiwuwa ma na nukiliya. Irin wannan baƙo ba a jiran ya iso ƙofar gida. Dole a tare shi tun yana da nisan ɗaruruwan kilomita, da dare ko da rana, cikin hadari ko hazo. Saboda wannan aiki kamfanin McDonnell ya ƙera Phantom, wanda ya fara tashi a watan Mayun 1958. Inji biyu gare shi, yana ninka saurin sauti sau biyu, akwai babbar rada a hancinsa, kuma mutum biyu ke shiga: matuƙi a gaba, mai kula da rada a baya. Yana ɗaukar Sparrow huɗu a cikinsa da Sidewinder huɗu a fikafikansa. Masu zanen sun ga cewa jirgin da zai kashe abokin gaba tun kafin ya gan shi ba ya bukatar igwa, nauyi ce kawai. Ba Amurkawa kaɗai ke wannan tunani ba. A 1957 ministan tsaron Birtaniya, Duncan Sandys, ya fitar da takardar manufa wadda ta ce zamanin jirgin yaƙi mai matuƙi ya kusa wucewa, makami mai linzami zai gaje shi.

Waɗannan makamai biyu ba hanya ɗaya suke bi ba, kuma bambancinsu shi ne gishirin labarin. Sidewinder sunan wani maciji ne na hamadar Amurka mai gane abin farautarsa ta ɗumin jiki. William McLean da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro shi a cibiyar gwajin makaman sojan ruwa da ke China Lake a Kalifoniya, ya shiga aiki a 1956. A goshinsa akwai wani ido mai jin zafi. In ya shinshino zafin hayaƙin injin jirgi, sai matuƙi ya ji gurnani a kunnensa, alamar makami ya ga nama. Da an sake shi, shi ke bin zafin da kansa. Shi kuwa Sparrow ba ya gani da kansa. Radar jirgin da ya harba shi ce ke haska abokin gaba, shi kuma ya bi hasken da ke dawowa, kamar mai bin hasken tocila a hannun wani. Ma'ana, tun daga sakinsa har ya isa, tilas matuƙi ya tsayar da hancin jirginsa a kan wanda yake hari. Ya kauce, makami ya makance.

An fara jin amon Sidewinder a fagen daga ranar 24 ga Satumban 1958, sa'ad da jiragen Taiwan ƙirar F-86 suka harba shi kan jiragen MiG na ƙasar Sin a mashigin ruwan da ke tsakaninsu. A cikin wannan rikici ne wani Sidewinder ya soki MiG bai fashe ba, jirgin ya koma gida da shi a jikinsa. Daga nan ya isa hannun injiniyoyin Sobiyet, suka warware shi, suka ƙera nasu mai suna K-13. Wannan kwafin ne MiG-21, sabon jirgin Sobiyet da ya fi MiG-17 gudu, ya riƙa harbin Amurkawa da shi bayan wasu 'yan shekaru.

Akwai wani abu da aka yi a natse wanda a ganina ya fi cire igwa illa. A 1960 sojan ruwa suka rufe makarantarsu ta koyar da harbi a sama da ke El Centro. Kokawar jirgi da jirgi, wato juyi da mirgine da neman shiga bayan abokin karawa, ta zama abin da ake hana matuƙan Phantom yi. Dalilin hanin ba na banza ba ne: atisayen na da haɗari, jirage na karo ko su kuɓuce wa matuƙi su faɗi, kuma kwamandan da ya yi asarar jirgi a atisaye zai sha tambaya. Sai aka wayi gari da matasa waɗanda suka ƙware a bin umarnin rada da tare jirgi mai tafiya miƙe, amma da yawansu ba su taɓa juyi da jirgin da ba irin nasu ba. Wasu kan saci jiki su haɗu a kan teku can gefen Kalifoniya su gwada juna a ɓoye, kuma irin waɗannan ne suka riƙe ragowar sanin.

Daga nan sai Biyetnam. Luguden wutar da aka sa wa suna Rolling Thunder ya fara ranar 2 ga Maris 1965 ya kai har farkon Nuwamban 1968, kuma babu ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan da aka gina Phantom a kansu da ya tabbata a can. Babu manyan jiragen Sobiyet masu tafiya miƙe a can ƙololuwar sama. Abin da ke akwai shi ne MiG-17, ƙaramin jirgi wanda ko saurin sauti ba ya kaiwa in yana tafiya a miƙe, mai igwa uku, ɗaya ta milimita 37, biyu na milimita 23. Phantom ya ninka shi nauyi sau uku ko fiye. Amma a juyi cikin ƙaramin fili, musamman in gudu ya ragu, MiG-17 kan zagaye Phantom kamar yadda ɗan akuya ke zagaye ingarma. Ga shi ƙarami, da wuya ido ya tsinkaye shi, alhali injinan Phantom na barin baƙin hayaƙi a baya wanda ake hangowa daga nesa. Masu karatu a Najeriya na da alaƙa da wannan jirgi: irinsa ne Tarayyar Sobiyet ta kawo Kano a 1967 lokacin yaƙin basasa, kuma daga baya sojan saman Najeriya suka yi aiki da MiG-21.

Su kuwa 'yan Biyetnam ta Arewa sun san iyakarsu, suka yi yaƙi daidai ƙarfinsu. Jiragensu kaɗan ne, matuƙansu an horar da su a Sin da Tarayyar Sobiyet, suna tashi daga filaye irin su Phuc Yen da Kep. Masu rada a ƙasa ke ja musu gora har su ajiye su a bayan ayarin Amurkawa, su kai sara ɗaya su tsere. Ba lallai sai sun harbo jirgi ba. In sun sa masu ɗauke da bam sun zubar da kayansu a daji don su sami sauƙin kare kai, to gadar ko tashar jirgin ƙasan da aka nufa ta tsira a ranar, bukata ta biya. Tun ranar 4 ga Afrilun 1965, a kan gadar Thanh Hoa, MiG-17 suka harbo F-105 guda biyu na sojan saman Amurka, jiragen da suka fi su gudu nesa ba kusa ba.

Sai kuma dokar gani da ido. Sararin samaniyar ya cika da jiragen Amurka, na ruwa da na sama, kuma rada ta wancan zamani ɗigo kawai take nunawa, ba ta faɗin na wane ne. Don gudun kashe ɗan'uwa, a mafi yawan lokuta an wajabta wa matuƙi ya ga jirgin da idonsa kafin ya harba. Mutane da yawa na ɗora wa wannan doka laifin komai, suna cewa 'yan siyasa ne suka ɗaure wa soja hannu. Ni ban ga haka ba. Dokar ta kashe babbar fa'idar Sparrow, gaskiya ne, domin kafin ka gane MiG-17 da ido ka riga ka matso kusa ƙwarai, wani lokaci ma kusancin ya wuce inda makamin zai iya aiki. Amma wanda zai saki makami a kan ɗigon da bai san ko na abokin kwanansa ba ne, ya ɗauki alhakin da ba kowa zai iya kwana da shi ba. Kuskuren yana wurin waɗanda suka tsara makami da horo bisa zaton cewa za a yi yaƙi a sararin da babu kowa sai kai da maƙiyinka.

To, ko da an sami damar harbi, me makaman suka yi? Nan ne abin ya fi ciwo. Ƙididdigar da Amurkawa suka yi da kansu bayan yaƙin ta nuna cewa cikin Sparrow sama da 600 da aka harba, waɗanda suka kakkaɓo jirgi ba su kai 60 ba, wato kusan ɗaya cikin goma. Sidewinder ya ɗan fi, amma shi ma bai kai ɗaya cikin biyar ba. Wasu sun ƙi barin jikin jirgi. Wasu sun faɗo kamar itace, injinsu bai kama ba. Wasu sun tashi sun nufi inda ba a aike su ba. Sidewinder na farko-farko sai daga bayan abokin gaba ake iya harba shi, cikin wani ɗan siririn lungu, kuma in matuƙi na cikin juyi mai tsanani ba zai yi aiki ba. Idonsa kan ruɗe ya bi rana, ko hasken da ke kan gajimare, ko zafin ƙasa. A filin gwaji an saba harba shi kan jirgi marar matuƙi mai tafiya salin-alin a sama mai tsabta. Matuƙin MiG da ya hango hayaƙin makami kuwa ba zai tsaya ba, zai karya kwana iya ƙarfinsa.

Akwai ɓangaren da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, shi ne rayuwar makamin a kan jirgin ruwa. Cikin Sparrow cike yake da ƙananan kwalaben lantarki na gilashi, irin na tsofaffin akwatunan rediyo, da wayoyi masu laushi. A ɗaura shi a cikin Phantom, majaujawar tururi ta wurga jirgin daga tsaye zuwa gudun fiye da kilomita 250 a sa'a cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. A sama sanyi mai daskarar da ruwa. A dawo, ƙugiyar wutsiya ta kama igiyar ƙarfe, jirgi ya tsaya cak kamar an buga shi da bango. A kan dandamali kuma ga zafi, ga laima, ga gishirin teku. MiG ba kullum ake ganinsa ba, matuƙi na iya gama zamansa na watanni bai haɗu da ko ɗaya ba, saboda haka makami ɗaya kan sha wannan wuya sau da yawa kafin ranar da za a bukace shi. Waɗanda ke ɗora shi da duba shi samari ne masu shekara goma sha tara ko ashirin, suna aikin sa'o'i goma sha biyu ko fiye, ba tare da isassun na'urorin gwaji ba. Haɗarin wannan dandamali ma kansa ba ƙarami ba ne. Ranar 29 ga Yulin 1967 wata roka ta tashi da kanta daga jikin wani Phantom da ke ajiye a kan jirgin dako Forrestal, gobarar da ta biyo baya ta ci rayuka 134.

A daidai wannan lokaci akwai wasu matuƙan sojan ruwa da suke ta samun nasara, su ne masu tuƙa F-8 Crusader. Jirgi ne mai mutum ɗaya, inji ɗaya, igwa huɗu, yana tashi daga ƙananan tsofaffin jiragen dako irin su Hancock da Oriskany da Bon Homme Richard. Kwamanda Hal Marr ne ya buɗe musu fage ranar 12 ga Yunin 1966. Kafin a gama, an lissafa musu MiG 19, su kuma MiG ya harbo musu uku. Nan da nan aka ce ai ga amsa, masu bindiga ne ke cin nasara, a mayar wa Phantom igwarsa. Har yau wannan ce fassarar da ta fi yawo.

Sai dai in aka duba yadda aka yi waɗannan nasarori 19, waɗanda igwa ta yi aiki a cikinsu ba su wuce huɗu ba. Mafi yawa da Sidewinder aka yi su, makamin da ke ba 'yan Phantom kunya. Igwar Crusader ma ta shahara da cijewa in jirgi na cikin juyi mai nauyi. Abin da ya raba su da 'yan Phantom shi ne, da yake jirginsu na da bindiga, ba a taɓa hana su atisayen kokawa ba. Sun saba da neman bayan abokin karawa, sun san yadda ake ajiye jirgi a daidai wurin da makami zai ga zafi sosai, sun san lokacin da harbi asara ne. Amfanin igwar a wurinsu shi ne ta sa an bar su suna koyon sana'arsu.

Wannan shi ne abin da Kyaftin Frank Ault ya tono. A 1968 babban hafsan sojan ruwa, Admiral Thomas Moorer, ya ɗora masa aikin binciko dalilin da makaman ke kasawa. Ault, wanda ya taɓa jagorantar jirgin dako Coral Sea a wannan yaƙi, bai tsaya a ofis ba. Shi da mutanensa suka bi makamin tun daga masana'anta, zuwa rumbun ajiya, zuwa cikin jirgin ruwa, zuwa hannun mai ɗorawa, zuwa yatsan matuƙi, har zuwa wurin gyara. A kowane zango sun sami ɓaraka. Rahoton ya zo da shawarwari 242, yawancinsu a kan inganci da kulawa da gwaji. Amma ya kuma faɗi abin da ba a so a ji: matuƙa da yawa na harbi ne a wajen iyakar da makamin zai iya aiki, domin ba wanda ya koya musu gane wannan iyaka a tsakiyar juyi, jini na sauka daga kai, ido na duhu. Ya ba da shawarar a kafa makaranta ta musamman.

Ranar 3 ga Maris 1969 makarantar ta buɗe a sansanin Miramar kusa da San Diego, ƙarƙashin Laftanar Kwamanda Dan Pedersen da wasu 'yan tsirarun malamai. Ofishinsu na farko wata tsohuwar tirela ce. Ita ce aka fi sani da Topgun. Tsarinta mai sauƙi ne: kowace runduna ta aiko da matuƙi da mai radarsa mafi hazaƙa, a yi musu makonni huɗu, su koma su koyar da sauran. Malaman kan shiga ƙananan jirage masu kaifin juyi, musamman A-4 Skyhawk, su yi yaƙi irin na MiG, ɗalibi ya sha kaye, a sauko a zauna a warware abin da ya faru dalla-dalla, ba girma ba muƙami, gobe a sake.

Abin da ya ba koyarwar ƙarfi shi ne sun taɓa MiG na gaske da hannunsu. A watan Agustan 1966 wani matuƙin Iraƙi, Munir Redfa, ya gudu da MiG-21 zuwa Isra'ila. A 1968 kuma wasu MiG-17 biyu na Siriya suka sauka a Isra'ila bisa kuskure. Jiragen nan sun ƙare a wani ɓoyayyen fili a hamadar Nebada, inda matuƙan Amurka suka tuƙa su suka kuma kara da su. Sakamakon ya girgiza su: matuƙan sojan ruwan da suka fuskanci MiG-17 a wannan gwaji sun sha kashi a karawarsu ta farko. Amma a nan suka gano lagonsa. In gudu ya yi yawa sandar tuƙinsa kan yi tauri har matuƙi ya kasa juya shi yadda yake so, kuma ba ya ganin bayansa sosai. Darasin da ya fito shi ne kada Phantom ya yarda a ja shi zuwa juyin da'ira a hankali, nan gidan MiG ne. Ya riƙe gudunsa, ya yi amfani da ƙarfin injinansa ya haura sama tsaye inda MiG ba zai iya binsa ba, ya juyo ya sauko a bayansa. Jirage biyu kuma su yi aiki kamar mafarauta biyu, wanda ya fi samun wuri shi ke kai hari, ɗayan na tsaron bayansa, ba tare da la'akari da wane ne babba ba. Mutumin kujerar baya, wanda aka sa don kallon allon rada, ya zama ido na biyu mai leƙen wutsiya, kuma wannan ya ceci rayuka da yawa.

An fara ganin amfanin a ranar 28 ga Maris 1970, da Laftanar Jerome Beaulier da Steven Barkley daga kan jirgin dako Constellation suka harbo MiG-21. Babbar jarrabawa ta zo a 1972, da aka koma luguden wuta a Arewa. Ranar 10 ga Mayu ita ce mafi zafi a duk yaƙin sama na Biyetnam. A ranar sojan ruwa suka lissafa MiG takwas. Uku daga ciki Laftanar Randy Cunningham da mai radarsa Willie Driscoll ne suka harbo su a kusa da Hai Duong, suka cika biyar ke nan da biyun da suka samu a baya. Duka biyar ɗin da Sidewinder ne, a jirgin da har lokacin ba shi da igwa. A hanyar komawa aka harbi jirginsu, suka lallaɓa da shi har bakin teku, suka yi tsalle da lema, aka tsamo su daga ruwa. Amurkawa sun ce makami ne daga ƙasa ya same su, 'yan Biyetnam sun ce MiG-21 ne.

Alƙaluman da aka fi yaɗawa sun ce a zagayen farko, wato lokacin Rolling Thunder, sojan ruwa na harbo MiG biyu da ɗoriya kan kowane jirginsu ɗaya da MiG ya harbo, a 1972 kuwa abin ya haura zuwa kusan goma sha biyu. Sojan sama, waɗanda suka bi ɗaya hanyar suka sa wa sabon Phantom ɗinsu ƙirar F-4E igwa a hanci ba tare da sauya horo sosai ba, ba su ga irin wannan ci gaba ba. Kwatancen na da ƙarfi, kuma na yarda da jigonsa. Amma a yi hattara da shi. Jimillar MiG ɗin da sojan ruwa suka ce sun harbo a 1972 ashirin da 'yan kai ne, kuma a lissafi ƙarami irin wannan, jirgi biyu ko uku na iya kifar da ma'auni. Sojan ruwa sun fi yin yaƙi a kusa da gaɓa, inda jiragen ruwa masu babbar rada, irin su Chicago, ke ganin MiG tun tashinsa su kuma gargaɗe su. Sojan sama na shigowa ne ta kan duwatsu daga Tailan, inda wannan ido bai kai sosai ba, kuma sun fi haɗuwa da MiG-21. Sidewinder ɗin da sojan ruwa ke ɗauke da shi a 1972 ma ba na 1965 ba ne, an sanyaya idonsa da iskar gas don ya fi jin zafi, an faɗaɗa ganinsa, kuma shawarwarin Ault sun gyara yadda ake kula da shi. Ga kuma bayanan Hanoi da ba su yi daidai da na Washinton ba a wurare da dama. Horo ya yi aiki, amma tare da gyaran makami da gyaran hannun da ke ɗora shi.

Ya kamata kuma a ajiye wannan kokawa ta sama a ma'auninta. Mafi yawan jiragen Amurka da suka faɗi a Biyetnam ta Arewa bindigogin kakkaɓo jirage na ƙasa ne suka ci su, sai makamai masu linzami ƙirar S-75, masu tashi daga ƙasa, da Sobiyet ta kawo, waɗanda suka fara kisa a watan Yulin 1965. Irin wannan makami ne ya harbo John McCain, matuƙin sojan ruwa da daga baya ya zama sanata a Amurka, a kan Hanoi a Oktoban 1967. MiG ne ke da kaso mafi ƙanƙanta. Kuma duk wannan fasaha da ake yabo, rakiya ce ga jiragen da ke zuba bam a kan garuruwa, inda manoma da 'yan kasuwa da yara suka mutu ba adadi. Mai sha'awar labarin jirage, irina, yana da sauƙin mantawa da waɗanda ke ƙasa, kuma bai kamata ba.

Alkawarin da aka yi a shekarun 1950 bai zama ƙarya ba, jinkiri ya yi. A 1982, a yaƙin tsibiran Falkland, matuƙan sojan ruwan Birtaniya a cikin jiragen Sea Harrier sun yi amfani da sabon Sidewinder ƙirar AIM-9L, mafi yawan waɗanda suka harba sun sami jiragen Ajantina, kuma ba a harbo ko Sea Harrier ɗaya a karawar sama ba. Duk da haka F-14 Tomcat, wanda ya gaji Phantom a kan jiragen dakon Amurka, da igwarsa aka ƙera shi, makarantar Miramar kuma ta ci gaba har aka mayar da ita Fallon a Nebada a 1996.

A ɗaya ɓangaren akwai Nguyen Van Bay, matuƙin Biyetnam ta Arewa, ɗan manoma daga kudancin Biyetnam, wanda ya koyi tuƙi a Sin. Ƙasarsa ta lissafa masa jiragen Amurka bakwai, cikinsu har da na sojan ruwa, duka a cikin MiG-17, da igwa, ba tare da makami mai linzami ko ɗaya ba. Dabararsa ita ce ya matso kusa ƙwarai kafin ya danna. Da ya yi ritaya ya koma lardinsu na Dong Thap ya kama noma. Tsofaffin matuƙan Amurka da suka yi yaƙi da shi sun riƙa zuwa har gonarsa suna gaishe shi, kuma a can ya zauna har rasuwarsa a watan Satumban 2019.